Gwamnati ta shige cikin waya, mu muna ina?

Malam Sabo Agege: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare jikana ya zauna gefena yana neman fasfo. A waya ya cike komai, a waya ya biya kuɗin, aka ba shi ranar da zai je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ko shayinsa bai huce ba. Sai na tuna sanda na kama aiki a sakatariyar tarayya ta Ikoyi, tun kafin a mayar da hedikwatar ƙasa Abuja a 1991. Fayil ɗaya sai ya yi wata uku yana yawo a hammatar masinja. In oga ya rubuta masa KIV, wato a ajiye sai wani lokaci, to ka je ka kama wata sana'ar. In kuma aka ce "ana nemansa", ka san akwai wanda ya zauna a kansa yana jiran goro.

Ban kawo maganar don yabon zamani ba. Abin da ya hana ni barci daban ne. A da gwamnati fuska take kallo: kana da ɗan'uwa a ofis, ko sarkin Hausawa ya ba ka 'yar takarda, buƙatarka ta biya. Yanzu lamba take kallo. Nan da shekara goma, wanda ba ya cikin rajista, a wurin gwamnati babu shi a duniya. Mu kuwa Hausawan Legas, mun fi kowa zama ba a rubuce ba. Ina so masu ilimin cikinmu su faɗa mana inda abin nan ya dosa.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ai mu 'yan gwari mun riga mun ɗanɗana. Farkon 2023 da aka canza kuɗi, tsabar naira ta ɓace, ga tirela ta sauke tumatir, ga masu saye, ba kuɗi a hannu. Tumatir kuwa ba ya jiran netwok. Mutanen da suka rantse ba za su taɓa buɗe asusun banki ba, cikin mako biyu suka koyi tiransifa. Yau a kasuwa har mai ɗaukar kwando yana da OPay ko Moniepoint. Ba wanda ya wayar mana da kai, wuya ce ta koya mana. To in haka gwamnatin gobe za ta riƙa koyar da mu, da bulala, ni dai ba na murna.

Nafisa Yaba: Baba Malam ina wuni. Bari in ɗan jera yadda abin ya faro, don mutane suna ɗauka jiya aka fara. IPPIS, tsarin biyan albashi ta kwamfuta, tun 2007 aka soma shi, don a toshe ma'aikatan bogi. BVN ya zo a 2014. A 2015 Buhari ya tilasta asusun bai ɗaya, wato TSA, aka ce duk kuɗin ma'aikatun tarayya su koma Babban Banki, shi ya sa yau ko kuɗin makarantar tarayya za ka biya sai an ciro maka lambar Remita. A Disamban 2020 aka ce kowane layin waya sai an haɗa shi da NIN. Ku lura, duk abu ɗaya ake yi: ana ba mutum lamba, ana ba kuɗi hanya guda, sannan a ɗaure su wuri ɗaya.

Abin da ya rage shi ne rumbunan su riƙa magana da juna. A Estoniya ƙa'idarsu ita ce kada gwamnati ta tambaye ka abu ɗaya sau biyu. In ka ba ta ranar haihuwarka a wannan ofis, wancan ofishin can zai ɗauko. Indiya ta yi wa mutum fiye da biliyan ɗaya rajistar Aadhaar, tana tura tallafi kai tsaye cikin asusunsu. Can muka nufa, ko muna so ko ba ma so.

Tijjani Ɗan Agege: Nafisa, ke a kamfani kike, ni a cikin tukunyar nake. Shekara sha ɗaya ina aikin gwamnati, ba zan kama sunan ma'aikata ba. An kawo mana kwamfutoci, an kai mu bita a otal, an ce daga yanzu fayil ta na'ura zai bi. Kun san abin da muke yi? Mu buga takarda a kwamfuta, mu fitar da ita a firinta, mu sa a fayil ɗin kwali, oga ya sa hannu da koren biro, sannan mu ɗauki hotonta mu mayar cikin kwamfutar. Aiki ɗaya ya zama biyu. An sayar da kare an sayi biri.

Dalilin ba jahilci ba ne. Na'ura tana rubuta wa ya buɗe fayil, ƙarfe nawa, kwana nawa ya yi a teburinsa. Wanda cinsa ke cikin jinkiri ba zai so wannan ba. Don haka duk sanda kuka ji "netwok ya ɗauke", wani lokaci da gaske ne, wani lokaci kuwa mutum ne ya ɗauke.

Nafisa Yaba: Yaya Tijjani ai abin da ka faɗa ɗin shi ne hujjata. Tunda suna tsoronta, tana aiki ke nan. Ka tuna 2023 da sabon ministan cikin gida, Tunji-Ojo, ya tarar da fasfo sama da 200,000 sun taru ba a buga ba, cikin 'yan makonni aka share su. Ma'aikatan nan dai su ne, ba a sauko da wasu daga sama ba. An sa ido ne kawai.

Tijjani Ɗan Agege: To ai kin ga ba na'ura ce ta yi ba, mutum ne ya tsaya. Ranar da ya tashi fa? Sannan akwai abin da ba a faɗa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne tun 2024, jihar Legas ta ce 85,000. Yaron da ya iya rubuta manhaja zai zauna a kan wannan? Duk wanda muka horar, shekara biyu ya tafi banki ko ya yi japa, wato ya fice ƙasar waje. Sai a ba ɗan kwangila aikin, ya gina, ya riƙe makullin, kwangila ta ƙare, tsarin ya mutu, sabon kwamishina ya zo ya ba wani sabuwa.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Ku dai maza kuna ta maganar sama. Ni bari in faɗi ta ƙasa. Sunana Rabi. A banki Rabiat aka rubuta. A katin zaɓe Rabi'atu. Yaron kafen intanet da ya cike mini wata takarda ya sa sunan mijina a gurbin na mahaifina, ya kuma zaɓa mini ranar haihuwa 1 ga Janairu, don na ce masa shekarar kawai na sani. Da aka zo haɗa takardu sai na'ura ta ce mu mata uku ne. Wata huɗu ina zirga-zirga, har da rantsuwa a kotu, kafin in koma mace ɗaya. A da in akawu ya ga Rabi da Rabiat ya san mutum ɗaya ce, ya yi murmushi ya wuce. Na'ura ba ta da kara.

Kuma ku daina cewa an kori 'yan cuwa-cuwa. Ba a kore su ba, sun tashi daga bakin ofis ne sun buɗe kafe. Matan unguwarmu in za a cike musu fom, kuɗi suke biya, su miƙa lambar NIN, su miƙa ta BVN, har lambar sirrin da aka turo musu a waya su karanta wa yaro. Wa ya san abin da yake yi da su bayan sun tafi?

Barista Auwal: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Akwai doka a kan wannan, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, har da hukumar da ke kula da ita. A takarda, duk wanda ya karɓi bayananki sai da yardarki ko da wani dalili da doka ta yarda da shi, kuma ba zai yi amfani da su a wani abin da ba ki amince ba. Amma tsakanin dokar da yaron kafe na Idi-Araba akwai tafiya.

Ni kuma ina ganin kun tattara hankali kan waya kun bar babban canjin. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa tura musu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba, kuma ba a yarda da shugabannin riƙon ƙwarya ba. Aiwatarwar tana jan ƙafa, amma hukuncin yana nan. In ya zauna daram, gwamnatin da ta fi shafar mai shago a Agege ba Abuja ba ce, ba ma Alausa, hedikwatar gwamnatin jiha, ba ce, sakatariyar ƙaramar hukuma ce. Kasuwa, kwata, shara, asibitin sha-ka-tafi, firamare, duk can ne.

Legas kuma nata da daban. Tsarin mulki ƙananan hukumomi 20 ya sani, amma tun zamanin da Tinubu ke gwamna aka ƙirƙiro ƙarin 37, waɗanda yanzu ake kira LCDA. Kan wannan ne Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar har aka je Kotun Ƙoli a 2004. To yanzu in kuɗi zai sauka kai tsaye ga 20, yaya za a yi da 37? Mile 12 ɗin Alhaji ma ai wannan lissafin ya shafe ta.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Barista ni duk inda kuɗin zai sauka ba aljihuna zai shiga ba. Abin da na sani, duk sanda gwamnati ta ce zo in rubuta sunanka, haraji ne ke biye. Kifi na ganinka mai jar koma.

Barista Auwal: Ranka ya daɗe ba ka yi ƙarya ba, haraji na cikin dalilan. Sababbin dokokin haraji huɗu da aka sa wa hannu a Yunin 2025 a kan lambar shaida suka dogara, har FIRS, hukumar tara haraji ta tarayya, ma an canza mata suna da fasali. Amma a cikinsu an ce naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kanta. Yaranka masu ɗaukar kwando da yawa ba abin da za a karɓa a wurinsu. Kai ne dai za ka ji a jikinka.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Haba Barista. Kana nufin yanzu ba ma biya? Ka hau tirelar gwari daga Kano zuwa nan ka ƙirga shingaye. Wannan rasit, wancan sitika, wani ko takarda babu sai sanda mai ƙusa. Kafin kaya ya iso an ci rabin riba. Wallahi in gwamnati za ta ce ga lamba ɗaya, biya nan, ba wanda zai ƙara tare ka a hanya, gobe da asuba ni zan fara layi. Abin da muke tsoro shi ne mu biya na waya, mu kuma biya na sanda.

Isuhu Tsohon Ɗan Acaɓa: Salam. Ni ba boko na yi ba amma ina bin maganar. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland. A Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi, Shomolu da Kosofe. Ni ban ce ba a yi haɗari ba, ban ce babu ɓata-gari a cikinmu ba. Amma da aka zauna za a yanke, ba wanda ya san mu nawa ne, iyali nawa muke ciyarwa, ina za mu koma. Na sayar da babur da asara, yanzu Keke nake ja na wani. An kawo jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2, an kawo na Agbado zuwa Oyingbo, da katin Cowry ake shiga, abu ya yi kyau. To amma da an san yawanmu a rubuce, ƙila da an ce ga horo, ga rance, ku koma kaza. Maganar Malam gaskiya ce, mu ba ma cikin littafi.

Garba Alaba Rago: Ku daina yaudarar kanku. Ko kun yi rajista sau goma baƙi ne ku a garin nan. Ranar da aka ga dama a rushe kasuwa za a rushe. Ku tara kuɗinku ku gina a gida.

Tijjani Ɗan Agege: Malam Garba ka yi wa kanka magana. Kakana a Agege aka binne shi, ni a nan aka yanke mini cibiya, Yarabanci na fi wasu Yarabawan iyawa. Wane gida zan koma? Irin wannan tunanin ne ya sa muna da yawa amma ba mu da nauyi. Mutum ya shekara talatin a Legas, katin zaɓensa na ƙauye, ƙidaya ta zo ya hau mota ya tafi gida.

Garba Alaba Rago: To ɗan gari, kai da ka zauna kansila nawa ka naɗa?

Bala Obalende (mai kula da zaure): Jama'a a sassauta. Malam Garba, Tijjani, kowa ya faɗi tasa ba gori. Wanda kuma ya turo tallan turaren wuta a tsakiyar muhawara na goge, ranar Juma'a ce ranar talla.

Malam Sabo Agege: Tijjani ya taɓa ni, don ni ma ina cikin masu laifin. A ƙidayar 2006 da kaina na kwashi iyali muka tafi gida aka ƙirga mu can. Sakamako ya fito, Kano miliyan 9.4, Legas wajen miliyan 9, gwamnatin Legas ta ce sam, ita ta haura miliyan 17. Muka yi ta murna an ce Kano ta fi. Ban yi tunanin cewa asibitin da matata ke haihuwa da makarantar da 'ya'yana ke zuwa a Agege suke ba. Tun daga nan kuma ba a sake ƙidaya ba, ta 2023 ma ɗagewa aka yi. Yau gwamnati ba za ta jira mai alli ya zo ƙofar gida ba. Da rajistar NIN, da layukan waya, da katin LASRRA za ta san inda mutane suke, da su za ta raba aji da gadon asibiti.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Malam mene ne kuma LASRRA? Kada dai wata lambar ce za ta mayar da ni mata huɗu.

Nafisa Yaba: Hajiya kin ba ni dariya. Hukumar rajistar mazauna jihar Legas ce, tun 2011 aka kafa ta. Ba ta 'yan asalin jiha ba ce kaɗai, ta duk wanda ke zaune a nan ce ko daga ina ya fito. Shawarata, kafin ki je ko'ina ki ɗauki takardar NIN ɗinki, yadda aka rubuta sunan a can, harafi da harafi, haka za ki riƙa bayarwa a ko'ina. Kada ki bar wani ya gyara miki shi don ya fi daɗin faɗa.

Sannan maganar harshe. Abin da ke tafe, wanda ni a wurin aikina muna gwada irinsa, shi ne ka yi wa waya magana da baki ta amsa maka. Ƙirƙirarriyar basira ke nan da ake ta faɗa. In ta ƙware a Hausa, Hajiya ba ta buƙatar yaron kafe, za ta ce "ina so in sabunta kaza" a cike mata. Amma fa tana da haɗarinta. In aka bar na'ura ta riƙa tantance wa ya cancanci tallafi ko rance, abin da ke cikin rumbu za ta duba. Wanda bai taɓa biyan kuɗin wuta da sunansa ba, ba shi da takardar haya, ba shi da tarihin banki, za ta watsar da shi, kuma babu akawun da za ka roƙa. Shi ya sa nake ta yi wa ƙannenmu naci su shiga irin shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa, mai koyar da fasahar zamani. In babu namu a ɗakin da ake gina abin, ba wanda zai tuna cewa Muhammad da Mohammed da Mamman suna iya zama mutum ɗaya.

Barista Auwal: Kuma kada a ɗauka gwamnatin za ta rage ƙiba don ta shiga waya. Rahoton Oronsaye tun 2012 ya ce hukumomin da doka ta kafa, 263, a mayar da su 161. A Fabrairun 2024 aka sanar za a aiwatar. A 2024 ɗin dai aka ƙirƙiro ma'aikatar kula da kiwo, aka ƙara hukumomin raya shiyyoyi. Kowace kuwa da shafinta, da fom ɗinta, da lambar da za ta nema. Ni abin da zan sa wa ido ba yawan manhajoji ba ne. In na'ura ta ƙi ka, wa za ka kai wa ƙara, kuma kwana nawa doka ta ba shi ya amsa? Ranar da aka rubuta wannan a doka, na yarda an yi gyara.

Isuhu Tsohon Ɗan Acaɓa: To ni tambayata ɗaya. Kowane fom sai an ce adireshi. Mu takwas ne a ɗaki, mai gida bai ba mu rasit ba, takardar wuta da sunan wani ne da ya rasu tuntuni. Wasu yaran ma a shago suke kwana, wasu a barandar masallaci. Me za mu rubuta?

Barista Auwal: Isuhu kada ka ari adireshin wani, ranar da aka zo tantancewa kai za ka kwana ciki. Rubuta inda kake kwana da gaske, lambar gida da sunan layi. Maganar rasit, ku haɗu ku takwas ku nemi mai gidan ya rubuta muku ko a takardar makaranta ce ya sa hannu, haƙƙinku ne tunda kuna biya. Ta masu kwana a shago da masallaci ita ce mai wuya. Sai shugabannin kasuwa da limamai sun zauna da ƙaramar hukuma an amince da wata takardar shaida daga gare su. Alhaji Ɗanlami, wannan aikinku ne.

Alhaji Ɗanlami Mile 12: Ka ga Barista ya sake jawo mini aiki. To, zan kai maganar zaman shugabanni. Amma Nafisa za ta zo da kwamfutarta ta duba wa yara sunayensu, don na tabbata rabinsu 1 ga Janairu aka haife su.

Nafisa Yaba: In sha Allah Baba Alhaji, Asabar bayan la'asar. A ce kowa ya zo da takardar NIN da wayar da layinsa ke ciki.

Malam Sabo Agege: A sa ni a layin. Yanzu na ciro takarduna, a fansho Sabo Muhammadu ne, a banki Sabo Mohammed.